Sandar Jan Ƙarfe a Bayan Kicin Ɗin Inna

Mahaifiyata ba ta cin girkin kowa. Ba raini ba ne, haka Allah ya yi ta. Ko biki aka yi a dangi aka aiko da kwanuka, sai ta buɗe ta duba, ta ce an gode, ta rufe ta miƙa wa jikoki, sannan ta shiga kicin ta ɗora 'yar tukunyarta. Inna muke kiranta. A shekarar da abin nan ya faru ta riga ta tsufa, ƙirjinta ya yi rauni, likita ya hana ta kusantar hayaƙin itace da na gawayi. Gas kuwa, ko tukunyarsa ta gani a gidan mutane sai ta ja baya tana salati. Abu ɗaya ya rage mata a duniya da take yi da hannunta ba tare da ta roƙi kowa ba, shi ne girki a murhun lantarki.

Murhun tsoho ne. Marigayi mahaifinmu ya sayo shi tun muna yara, a hannun wani ma'aikaci da aka canza wa gari. Gidanmu na Ƙofar Kware kuwa ya girmi murhun nesa ba kusa ba. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, daga baya aka shafe shi da siminti, wayoyin wuta kuma duk wanda ya tasa a gidan sai ya ƙara nasa. Wannan ya ja daga zaure zuwa ɗakinsa, wancan ya fere waya ya ɗaura tasa ya naɗe da leda. Unguwarmu takan samu wuta da hantsi, a wannan tsakanin Inna ke dama kununta ta yi miyar da za ta kai ta dare. Da tafiya ta yi tafiya sai murhun ya fara tsunkulinta. Ta taɓa marfin tukunya ta ji zir a yatsa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta dai koma sa silifas a kicin da riƙe tsumma. Sai ranar da ya mutu gaba ɗaya, ya cika gida da wari kamar an babbake gashi, na ji labarin tsunkulin, a bakin matar Yayana.

Yayana shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Fataucin shanu yake yi, ya sayo a kasuwannin ƙauye ya kawo birni. Mutum ne da ko ƙusa za a buga a bango sai an jira ya dawo an tambaye shi, in ya dawo kuma ya ce a bari ya yi shawara, shawarar da har abada ba ta ƙarewa. Ni malamar makaranta ce, ina aure a wata unguwa, ina zuwa gida duk ranar Asabar. Tun muna yara ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya. Shi yana ganin boko ya sa mini girman kai, ni ina ganin girman da aka ba shi ya fi ƙarfin hankalinsa, kuma dukanmu ba mai ɓoye wa wani.

Na same shi a zaure yana shan fura. Na gaishe shi a tsaye.

"Yaya, murhun Inna ya mutu. Sai a sawo wani."

"A sawo wani a yi mi da shi? Tsohuwa ta huta mana. Ga matata nan, abin da anka dahwa ta ci."

"Ka san ba ta ci."

"Yunwa na koya mata."

Ko ɗaga kai bai yi daga ƙwaryar ba. Na juya na fita ba sallama. Kafin sati ya zagayo na sayo murhu na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, fari, mai kai huɗu da wurin gashi a ƙasa. A-kori-kura ta sauke shi a ƙofar gida, ƙartai biyu suka shigar da shi kicin. Yaya ya wuce ta gefensa sau nawa a yinin, ya yi kamar bai ga komai ba.

Wanda na kira ya haɗa shi wani dattijo ne mai wayarin, wanda ya taɓa yi mana aiki a makaranta. Mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe yana aikin wuta a kamfanin siminti na Kalambaina kafin ya ajiye ya buɗe 'yar rumfarsa. Shi kaɗai yake aikinsa, ba shi da fara'a, ba ya kuma yaba wa aikin kowa. Ya shiga kicin ya kwance soket ɗin bango, ya leƙa, ya yi wata dariya da ba ta daɗi ba.

"Malama, wa ya yi wannan aikin?"

"Mutane da yawa."

"Na ga alama."

Ya ce siririyar wayar da ke cikin bangon nan ta fanka ce da ƙwan fitila, in aka ɗora mata kai huɗu za ta narke ta kama rufi. Dole a jawo waya mai kauri tun daga mita, ta murhun shi kaɗai, a sa mata bireka, wato ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in wani abu ya ɓaci. Yana cikin magana ya janye tsohon murhun daga bango, sai ya ga wata koriyar waya a bayansa. Ya bi ta da yatsa har inda aka ɗaure ta a bututun famfo. Ya ƙwanƙwasa bututun da sukundireba, ya tsaya yana girgiza kai.

Ya ce wanda ya fara kafa murhun nan ya san aikinsa. Ya ɗaure jikin murhun da bututun ƙarfe mai shiga ƙasa, domin in wuta ta ɓalle daga hanyarta ta hau jikin murhu, ta bi ƙarfen ta nutse a ƙasa maimakon ta bi ta jikin mai girki. To amma bututun da ke gabanmu na roba ne, wuta kuwa ba ta bin roba. Nan na tuna. Shekara biyu da suka wuce bututan gidan sun yi tsatsa, Yaya ya kawo mai famfo aka canza su duka. Mai famfon ya ga waya a ɗaure, da ya gama sai ya mayar da ita kan robar, har da ƙulli biyu don kada a ce bai yi aiki ba. Ashe tun daga ranar Inna ke shan tsunkuli. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi a raina da laifin ya faɗa kan Yaya. Na ajiye maganar a cikina ina jiran ranar da zan jefe shi da ita.

Mai wayarin ya ce maganin abin shi ne a binne sandar jan ƙarfe a ƙasa, a bayan kicin, a ɗaura mata koriyar wayar. Ya ce za a haƙa rami mai zurfi, a zuba gawayi da gishiri a kewaye sandar, a jiƙa da ruwa, don ƙasa mai laima ita ke karɓar wuta. Sannan ya dube ni.

"Kin gaya wa maigidan?"

"Ni nik kira ka, ba shi ba."

"Malama, aikin haƙa ne a cikin gidan mutum. Gara ya tsaya ya gani da idonsa. Ba kowa ke son ya ji baƙo ya binne abu a gidansa ba."

Na ce masa ya yi abin da ya kawo shi, ya bar mini maganar gidanmu. Na san in Yaya yana nan zai ce a bari ya yi shawara, murhu ya zauna har ɓeraye su yi gida a ciki, Inna kuma tana ta ramewa a kan gari da ƙuli. Saboda haka da gangan na zaɓi ranar Laraba, ranar da yake tafiya kasuwar ƙauye ya kwana can. Na nemi izini a makaranta, na iso gida tun da safe.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaji sai sun buɗe baki a gindin randa. Dattijon ya fara da jan waya. Ya bi bangon tsakar gida da ita a cikin bututu, yana buga ƙusa yana tsaki, don duk inda ya buga sai siminti ya ɓantare jar ƙasa ta zubo. Ya kafa bireka a wani ɗan akwati kusa da ƙofar kicin, daidai inda hannun Inna zai kai. Ya buɗe bayan murhun ya ɗaura wayoyi uku, kowacce a mazauninta, ya ja su ɗaya bayan ɗaya ya ga ba su motsi. Sai ya ɗauki diga ya nufi bayan kicin.

Akwai wani siririn lungu a wurin, tsakanin bangon kicin da ɗakin Inna, tagarta tana kallonsa. Nan ya haƙa. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, diga na sauka tana tsalle, shi kuma gumi ya jiƙe masa riga har ta manne. Sai da ramin ya kai masa ƙugu ya tsaya. Ya kafa sandar a tsakiya, doguwa ce ta kusa tsawona, ya yi ta dukanta da guduma har ta nutse. Ya zuba dakakken gawayi, ya bi da gishiri, ya rufa da ƙasa, ya sake gawayi, ya sake gishiri. Ni ce mai ɗebo ruwa, bokiti bayan bokiti, ramin yana shanyewa. Matar Yaya ta leƙo sau ɗaya ta koma. Labulen tagar Inna ya motsa, na gani, ban dai kula ba. Daga ƙarshe ya matse koriyar wayar a kan sandar, ya cike ramin ya daddaɓe.

Da aka kawo wuta ya gwada da na'urarsa, ya danna wani ɗan maɓalli a jikin bireka, ya faɗi ƙas. Ya ce to haka ake so. Yanzu in wuta ta ɓalle ta hau jikin murhu, za ta bi sandar, bireka ya ji ya yanke tun kafin kowa ya kai hannu.

"Amma ki ji," in ji shi yana haɗa kayansa. "Ƙasar Sakkwato ba ta riƙe ruwa. In ramin nan ya bushe, sandar ta zama banza. Bokiti biyu duk sati, har damina ta sauka."

Washegari Yaya ya dawo ya tarar da murhu yana aiki. Ya dubi bututun da ya bi bango, ya dubi akwatin, ya wuce. Ramin kuwa yana lungu, ba wanda ya nuna masa.

Makonnin da suka biyo baya Inna ta dawo Inna. Na kan iso ranar Asabar in ji ƙamshin miyar sure tun daga zaure. Ta yi ta yaba wa murhun, wai ya fi na da saurin tafasa ruwa. Na ce mata ta yar da tsumman nan da silifas, wannan ba ya tsunkulin kowa, ta kuwa yar. Sau ɗaya kunu ya tafaso ya zube ya shiga ƙarƙashin kai ɗaya, bireka ya faɗi nan take. Ta yi ta mita wai abin ya cika tsoro, ɗan kunu kaɗan ya hana ta girki. Da wurin ya bushe na ɗaga mata shi aka ci gaba. A raina na ce dattijon nan ya san aiki.

Duk Asabar kuma, kafin in zauna, sai na cika bokiti biyu na kai lungu na tuttula. Wata Asabar na iso a gajiye, rana ta dafa ni a hanya, ga shi na yi kiciɓis da Yaya a zaure na gaishe shi ya amsa da hanci. Ina cikin zuba ruwan ina tafasa sai na ji muryar Inna ta taga.

"Ke, mi kika ba ruwa nan? Ba shuka ba, ba dabba ba."

"Aikin wuta na, Inna. Ko na yi maki bayani ba ki ganewa."

Ta saki labule. Na ƙarasa zuba ruwana na shiga na ci tuwonta, har na nemi ƙari.

A cikin waɗannan kwanaki abubuwa suka yi wa Yaya cunkus. Shanunsa biyu suka mutu a mota a kan hanya, zafi ya kashe su. Autarsa ta kwanta zazzaɓi ya ƙi sauka. Na jajanta masa a taƙaice, ya amsa a taƙaice. Sai na lura da wani sabon hali. In na ɗauki bokiti zan shiga lungu, sai ya taso ya tsaya a bakin lungun da asawaki a baki, yana kallona har in gama, yana wani ɗan murmushi. Na ɗauka rainin da ya saba ne. Don in ba shi haushi ma sai in ƙara bokiti na uku.

Ranar wata Talata ina gaban allo wayata ta yi ta ruri a jaka. Matar Yaya ce, tana kuka tana cewa in zo, Inna ta faɗi. A asibiti na same su. Abin da ya faru shi ne, Inna ta yi alwala za ta yi walha, ta ce bari ta sauke kunu tukuna. Ta shiga kicin ƙafa ba takalmi, hannu a jiƙe. Kunu ya sake zubewa ya shiga ƙarƙashin kan nan, amma wannan karon bireka bai faɗi ba, wutar ta hau jikin murhu ta zauna. Tana dafa gefensa ta fizge ta ta yar. Bireka ya yanke a lokacin, bayan ta riga ta sha. Ta faɗa kan dakalin wanke-wanke, ƙashin ƙugunta ya karye, tukunyar ta biyo ta kunu ya kwarare mata a hannu.

Kwana na yi ina neman wanda zan cinye. Da gari ya waye na nufi rumfar mai wayarin. A gaban maƙwabtansa da masu wucewa na zazzage masa kwandon rashin mutunci. Na ce ya kusa kashe mini uwa, na ce aikin ha'inci ya yi, na ce tsufansa bai amfana masa komai ba. Na faɗi wasu maganganun da har yau in na tuna sai in runtse ido. Ya ɗauki jakarsa ya rufe rumfa, ya hau babur ɗinsa ya biyo ni har Ƙofar Kware.

Bai ko shiga kicin ba, lungu ya wuce kai tsaye. Ya durƙusa a gindin bango ya kama koriyar wayar inda ta shiga ƙasa, ya ɗan ja. Sai ga ta ta fito a hannunsa, guntuwa, ba ta fi taƙi ɗaya ba. Ya juya bakinta ya nuna mini, an yanke shi a karkace, sumul.

"Wannan ba ɓera ba ne. Wuƙa ce, mai kaifi kuwa."

Ya karɓi shebur ya tone wurin. Ƙasar a jiƙe take da ruwan da na zuba ranar Asabar. Ya yi ta tonawa har ƙugu. Babu sanda, babu ko ƙwayar gawayi, yashi aka cika ramin da shi. Ashe makonni na yi ina shayar da ramin da ba komai a cikinsa.

Muna tsaye a kan ramin Yaya ya shigo daga asibiti. Ya dube mu, ya wuce ɗakinsa, ya fito da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Ya warware ya wurgo shi gabana. Sandar ce, ta daki siminti ta yi ƙara.

"Ga kayanki nan. Kin aza ba a ganewa?"

"Kai kat tone ta?"

"Ni nit tone ta. Kin jira ba ni gari, kin kawo mutumin da ba shi salla, kun bizne ƙarhe da gishiri da gawayi ƙarƙashin tagar uwarmu. Kina zuwa duk Assabar kina ba shi ruwa. Shanuna biyu sun mutu bisa hanya, ɗiyata ta kwanta. Mi kika so in ce?"

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na kira shi jahili, na kira shi mugu. Na fito da maganar bututun roba da na daɗe ina ɓoyo na watsa masa, na ce shekara biyu yana gasa tsohuwar nan da wuta bai sani ba, yanzu ya ƙarasa aikinsa ya karya ta. Shi kuma ya ce ni ce annobar gidan, tun da na sa ƙafa da farin akwatina ba a ga alheri ba. Ya ɗaga hannu, matarsa ta shiga tsakani, maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Duk wannan abin dattijon yana tsaye a cikin rami da shebur. Sai da muka gaji ya fito, ya karkaɗe wandonsa.

"Alhaji," in ji shi, "wutar da za ta bi wannan sandar, ita ce ta bi ta jikin mahaifiyarka. Hanyar shiga ƙasa take nema. Ka cire wannan, ta samu waccan."

Ya juyo gare ni.

"Ke kuma Malama, na ce ki gaya masa."

Ya rataya jakarsa ya fita. Na kira shi a waya sau da yawa bayan haka don in ba shi haƙuri, bai taɓa ɗauka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yaya kuwa ya zauna a bakin rijiya yana kallon sandar, fuskarsa ta canza, na san maganar ta shige shi. Amma da ya buɗe baki abin da ya ce shi ne, "Ƙaddara ta." Na ɗauki sandar na fita da ita a hannu, mutanen unguwa suna kallona.

Na jira har aka sallamo Inna aka kwantar da ita a ɗakinta. Na shirya ƙarata tsaf. Ina so ta ji abin da ɗanta na fari ya yi mata, ina so ta kira shi ta yi masa faɗan da ba a taɓa yi masa ba, ina tsaye ina ji. Na zauna a bakin gadonta da rana, hannunta a naɗe da bandeji, na kwashe komai na faɗa mata, tun daga bututun roba har zuwa wuƙar. Ta saurare ni har ƙarshe tana kallon rufi.

"Bari zagin yayanki," in ji ta. "Ni nis sa shi."

Na ɗauka zafin ciwo ne ke sa ta magana. Ta juyo da kai ta dube ni, idonta garau.

"Na ga abin da anka bizne da idona, ta tagag ga. Na ga gishiri, na ga gawayi, na ga jan ƙarhe. Na ga ranar da kiz zaɓa. Nic ce a raina, ɗiyata ta, ba ta cuta ta. Amma kullum ina kwance abin na nan ƙarƙashin kaina, ke kuma kina zuwa kina ba shi ruwa. Nic ce bari in tambaye ta, in ta hwaɗa mani shi ke nan. Kic ce ba ni ganewa."

Ta mayar da ido kan rufi ta ci gaba.

"Da kin ce mani hanya ta anka yi ma wuta ta bi, ai da na gane. Wa af fi ni sanin wutar murhun nan? Ni nir riƙa tsumma shekara biyu."

Ta ce a ranar da na ba ta amsar nan ta kira Yaya ta nuna masa wurin. Ita ta ce ya tone, ita ta ce ya mayar da ƙasa yadda take kada in sani, don ba ta son a yi tashin hankali a ce ga abin da ɗiyarta ta yi. Rufa mini asiri take yi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage ni ba, ta dai ce in gyara mata filo in tafi kada yamma ta yi mini.

Inna ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai an riƙe ta. Murhun yana nan a kicin an lulluɓe shi da tsohon zane, ba mai taɓa shi. Ni da Yaya muna gaisawa in akwai mutane a wurin. Har yau ina jin haushinsa, don ko yaro ya ga waya ta fito daga bangon kicin ta shiga rami ya kamata ya tsaya ya yi tambaya kafin ya zaro wuƙa. Amma in na fara lissafa laifinsa ba na nisa, sai in tuna ni aka yi wa tambayar. Sandar tana bayan ƙyauren ɗakina, ta yi kore.

Yanzu kullum in na tashi daga makaranta sai in yi girki in zuba a kula in kai Ƙofar Kware. Miyar sure nake yawan yi, yadda ta koya mini, ba na rage komai. In na ajiye a gabanta sai ta buɗe ta duba, ta ce an gode, ta rufe ta miƙa wa jikoki.